Katakon da Na Ce Ba Ni da Shi

A shekarar da aka samu 'yancin kai ina da rumfar kafinta a Birnin Kebbi, jikin katangar gidan da muke haya. Ba na cin albashin kowa. Aikin jinga nake yi: a kawo, mu daidaita, in yi, in miƙa. Na koyi sana'ar a Argungu bayan na gama elemantare, wurin wani tsoho da yakan ce kafin in yanka katako sai na auna shi har katakon ya gaji da ni. Gaskiya ya faɗa, haka Allah ya yi ni. Nakan rufe rumfa, in kai bakin masallaci, in dawo in taɓa kwado don in tabbata ya kama. Alwala ma sai na maimaita.

Abin da ya fi riƙe ni a lokacin shi ne akwatin amarya. Tsofaffin mata ke zuwa su zaɓi fenti, su ce a sa madubi a cikin murfi, su ƙwanƙwasa gefe su ji ƙarfinsa. Bakinsu ne kasuwata. In ɗaya ta yaba, unguwa ta yaba.

Maƙwabcinmu na jikin katanga malamin asibiti ne, Kirista, mutumin Filato da aiki ya kawo shi. Kowa Likita yake ce masa. Shi ya ɗinke mini hannu ranar da gizago ya zame ya same ni. Mahaifiyarsa tana zaune tare da shi, muna ce mata Kaka. Zafin garinmu bai taɓa karɓarta ba, don haka da hantsi takan jawo kujerarta zuwa inuwar rumfata, ta zauna tana tsince ɓawon katako a zaninta don hura wuta. “Ɗana,” take ce mini. Da Likita ya ji haka sai ya ce to tun da ya girme ni, na zama ƙanensa, kuma dole in riƙa gaishe shi da ladabi. Daga nan ban sake jin sunana a bakinsa ba. Ko daga nesa ne sai ya ɗaga murya: “Ƙanena, ba gaisuwa?”

Ranar farko da Kaka ta aiko mana da gwate, faten mutanen Filato, na daɗe ina kallon kwanon ina tunanin abin da aka taɓa dafawa a tukunyar. Maiɗakina ta cinye rabonta, ta ce in na gama binciken in miƙo nawa. Na ci. Daga baya har ni ke tambayar yaushe za a sake yi.

Tsakiyar damina Kaka ta rasu. Da hantsi Likita ya shigo rumfa, ba rigar aiki a jikinsa, idanunsa ja.

“Ƙanena, Mama ta tafi.”

Na yi masa ta'aziyya, ni ma na ji mutuwar. Ya amsa, sannan ya ce, “Aiki na kawo maka. Akwati. Ka san mu ba ma binnewa sai da shi. Ba ado nake so ba, a haɗa katako kawai a yi murfi. Yadda ka yanka jingar haka za a yi.”

Ya ce mutumin da ya saba yi musu ya koma Argungu, ga shi ruwa ya cinye hanya bayan Ambursa, mota ba ta wucewa. Da zafin nan kuma gawa ba za ta jira ba. Yau ake so, kafin rana ta faɗi.

Yana magana, kaina yana gudu. Ban taɓa yin akwatin gawa ba. Mu likkafani muka sani da makara. Ya halatta in yi, ko bai halatta ba? Ban sani ba, ban kuma taɓa jin an tambaya ba. Bayan wannan sai wani tsoron ya taso, wanda ya fi na farko ƙarfi ko da yake na fi son in ce na farkon ne ya hana ni. Na ga tsofaffin nan a raina suna nuna rumfata da baki: can ne ake yin akwatin matattu, da zarton nan, da hannun nan. Wace uwa za ta so a kai 'yarta ɗaki da akwatin da ya fito daga nan?

Na ce, “Wallahi Likita, ba ni da katako.”

A bayana katako ne jingine har saman rumfa. An ba ni jingar benci-benci na makaranta, waɗanda za a zauna a kai ranar bikin 'yancin kai. Na riƙe wannan a zuciyata, cewa katakon na mutane ne. Amma a ciki akwai nawa na kaina, busasshe, mai kyau, wanda ya isa har ya yi saura. Ni na sani.

Likita ya dubi bayan kafaɗata. Bai daɗe yana kallo ba. Ya ce, “To. Ara mini zarto da guduma, da ƙusa in akwai.”

Na ɗebo masa da sauri, na cika masa hannu da ƙusoshin da sun fi ƙarfin aikin. Sai da ya fita na lura cewa zarton da nake tsoron ya taɓa akwatin gawa shi ne ya tafi yin sa.

Kafinta da kunne yake gane aiki. Ta bayan katanga na ji zarto yana cijewa a tsakiyar katako, ana danna shi da ƙarfi maimakon a bar shi ya ci da kansa. Na ji guduma tana dukan ƙusa a karkace, ƙusar ta lanƙwashe, a zare, a sake. Hannun da ya saba da allura ne da almakashi. Na tashi zan shiga, na kai bakin rumfa, na tsaya. In na shiga yanzu da katako a kafaɗa, na ce masa ƙarya na yi ke nan. In na shiga hannu sake, me zan ce ya kawo ni? Na koma na zauna. Na sake tashi. Haka na yi ta yi har azahar, ban buga ƙusa ko ɗaya a bencin mutane ba.

Maiɗakina ta dawo daga gidan rasuwar ta leƙo ta ƙofar baya.

“Malam, kana jin wanga aiki kuwa? Ƙyauren ɗakin tsohuwa sunka cire, da teburin cin abinci. Likita ya yanke yatsa, jini har ƙasa. Bai zo wurinka ba?”

“Ya zo.”

“Mi kac ce mai?”

“Na ce babu katako.”

Ta dubi abin da ke jingine a bayana. “Waɗanga hwa? Rake ne?”

Na ce ba ta san sha'anin sana'a ba, na mutane ne. Ta ce ita dai ta san wanda ya ci gwate har ya nemi ƙari. Ta saki labule ta shige.

Bayan la'asar suka fito da ita. Ta gaban rumfata hanyar take. Murfin bai zauna ba, sai da suka ɗaure akwatin da igiya a kai da ƙafa. Sun lulluɓa farin zane, amma bai rufe gefe ba. Na ga shuɗin fentin ƙyauren, na ga har ƙarfen da ake maƙala kwado yana nan a jiki, yana kaɗawa in masu ɗauka sun taka. A bayansu akwai manoman shinkafa na unguwarmu, musulmi, laka har gwiwa. Ashe tun da rana suna can suna taya haƙa kabari, don ƙasar ta sha ruwa, ana haƙawa tana zubowa. Ba wanda ya tsaya neman fatawa kafin ya ɗauki fartanya.

Washegari na tafi wurin malamin da nake ɗaukar karatu. Ina fata ya ce na yi daidai, in samu abin riƙewa. Ya saurare ni har na gama.

“Kai kafinta, sai da anka rufe tsohuwa kaka zo tambaya? Jiya da hantsi gidana ya tashi daga inda yake?”

Bai jira ni ba, ya ci gaba.

“Ni ba akwatin ya dame ni ba. In tsoro kaka ji, sai ka ce mai tsoro nika ji. Amma mutum ya zo maka ranar da uwatai ta mutu, ka dube shi ka yi mai rantsuwa bisa ƙarya? Tashi ka ba ni wuri, ina da baƙi.”

Ba zan ce tsoron nawa duk na banza ne ba. Bayan 'yan kwanaki wata tsohuwa ta zo karɓar akwatin jikarta, ta rage murya ta ce sun ji an kawo mini aikin nan na ƙi, na kyauta. Da na yi, watakila da ba ta dawo ba. Na sha auna wannan a raina, in ce ai ina da iyali, ai sana'a amana ce. Amma yabon nata ya fi faɗan malam ciwo. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Likita da kansa ya dawo da kayan, yatsansa a naɗe. Ya goge zarton, har mai ya shafa masa. Ragowar ƙusoshin ya ƙulle su a tsumma.

“Na gode, kafinta,” ya ce.

Kafinta. Ban taɓa jin kalmar ta yi mini nauyi haka ba.

Da na shiga gaisuwa na ga tabarma rataye a ƙofar ɗakin Kaka, feshin ruwa ya jiƙa ƙasan. Ni da ba na yanka sai na auna na sake aunawa, ranar nan da ido na ɗauki awon ƙofar, don kunya ba ta bar ni in fito da ma'auni ba. Na dawo na yi ƙyaure da katakon nan nawa, na yi masa shuɗin fenti. Sai kai shi ya gagare ni. In na kai, zai ce da wane katako? Na jingine shi a bayan rumfa na rufe da buhu. Aka kwashe benci-benci, aka yi biki, aka ɗaga sabuwar tuta, 'yan makaranta suka yi ta waƙa a kan aikin hannuna, ƙyauren yana nan a ƙarƙashin buhu.

Da kaka ta yi, ana yankan shinkafa a fadama, aka yi wa Likita canjin wurin aiki zuwa Argungu. Mai gidan da yake haya ya ce sai an mayar masa da ƙofarsa yadda take. Sai ga shi a rumfa.

“Kafinta, wannan karon ƙyaure nake so. Ko za a samu?”

Na yaye buhun. Ya dube shi, ya shafa fentin da tafin hannu. Muka ɗauka tare. Da muka kai sai ƙyauren ya ƙi shiga, ya yi faɗi. Likita ya riƙe mini shi a tsaye ina rage gefen, ɓawon katako yana zuba a daidai inda Kaka takan ajiye kujerarta. Kaina a sunkuye na ce, “Yaya, ranar nan akwai katako.”

“Na gani,” ya ce. “Rage nan ƙasan kuma, shi ke kamawa.”

Da ƙyauren ya zauna ya sa hannu a aljihu. Na ce don Allah ya bari, don Kaka na yi. Na roƙe shi har na riƙe masa hannu.

“Aiki na ba ka, ka yi, ya yi kyau,” ya ce. “Ka bar ni in biya. Wancan ma da biya zan yi.”

Na karɓa. Ban ga yadda zan ƙi masa abu sau biyu ba.

Bayan shekara na je Argungu duba tsohon da ya koya mini aiki. Na yi ta kewaya asibitin kafin in shiga. Likita yana baranda yana raba magani. Da ya gan ni ya taso da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi maiɗakina da mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Na gaishe shi da ladabi, har na rusuna, yadda yakan ce in yi. Wani abokin aikinsa ya tambaye shi ko wane ne baƙon. Na tsaya da kofin ruwa a hannu ina jira.

“Kafinta ne,” ya ce, “mun yi maƙwabtaka a Birnin Kebbi. Ya iya aiki ƙwarai.”