Rajistar da ke Kwance a D

Jama'a, yau kwamfuta ta sa ni hawaye a ofis.

Madam Rifkatu, shugabar makarantarmu a Jimeta, ta kawo mini tsohuwar kwamfutar da ta gudo da ita daga Michika lokacin tashin hankali. Manhajar rajistar ɗalibai da na rubuta ta ƙi ajiye komai, ma'ajiyar kwamfutar mai suna C ta cika. Sai na ƙara layi ɗaya a cikin manhajar, don ta koma ɗaya ma'ajiyar, wato D, ta yi aiki can.

Ina kunnawa, sunaye suka cika allo! Ba na yaranmu ba. Ashe tsohuwar rajistar ajinta na Michika na kwance a D, ita manhajar ta ɗauko.

Na ce, "Yi haƙuri Madam, bari in gyara."

Ta ɗaga mini hannu, ta fara bin sunayen da yatsa. "Wannan tana Vinikilang, ta yi aure. Wannan soja ne yanzu. Wannan har yau shiru."

A na tara ta tsaya. Ishaya.

Ta ce, "Ɗana ne. Tare muka gudo, ni kaɗai na iso. Malam Buba, bar shi haka. Yau dai yana aji."