Yadda Aka Liƙe Lissafin Malam Labbo

Malam Labbo ɗan masassaƙi ne. Bai gaji sana'ar uban ba, amma ya gaji hannunsa. Boko ta ja shi har kwalejin horon malamai, daga nan aka turo shi wata 'yar firamare a wani ƙauye kusa da Kekun Waje, cikin ƙasar Bunguɗu, yana koyar da lissafi a ƙananan azuzuwa. Gajeren mutum ne mai saurin hawa, kullum da 'yar wuƙa a aljihu. Babu abin da ke tayar masa da zuciya irin ya wuce wani aji ya ji yara suna rera biyu sau biyu huɗu iya ƙarfin maƙogwaronsu, alhali in ka zube musu gyaɗa ka ce su raba, sai kallon-kallo.

Shi ya sa ajinsa ya cika da kaya. Ga kwanon 'ya'yan tsamiya na ƙirga. Ga ƙore da ya yanka, wata gida biyu, wata gida huɗu, yaro ya wargaza ya sake haɗawa, har rabi da kwata su zauna masa a hannu kafin su zauna a ka. Ga sillayen kara da ya harhaɗa da ƙayar aduwa. A miƙa wa yaro siffa mai kusurwa huɗu a ce ya danna, ta karkace. A miƙa masa alwatika mai kusurwa uku, ya danna ta ƙi motsi. Daga nan ba sai an yi dogon surutu ba. Kayan sun yi baƙi ƙirin da dauɗar hannu da maiƙon ƙuli-ƙuli, kuma haka Labbo yake son ganinsu.

Hedimasta, Malam Yusha'u, tarkace yake kiran su. In ya leƙo ajin sai ya yatsina fuska ya tattare babbar rigarsa. A haka aka shigo 1976, shekarar da aka buɗe firamare kyauta ko'ina, sai labari ya zo cewa za a yi baje kolin kayan koyarwa a Gusau. Rannan sai ga hedimasta a bakin aji yana washe baki.

"Malam Labbo, wanga aiki naka ya hi ƙarhin ƙauye. Gusau za mu kai shi manya su gani."

"To yaran hwa? Da mi za su yi lissahi?"

"Haba Malam! Da an ƙare a maido maka, ko ƙwarar tsamiya ba ta ɓacewa."

Aka kwashe komai cikin buhu. Wata ya wuce, wani ya biyo, babu kaya babu labarinsu. Yara kullum sai sun tambaya ina ƙoransu. In Labbo ya je ofis, sai hedimasta ya ce ai sun ci na ɗaya, ya kamata ya yi murna. Murnar me? Shekaru ya yi yana gyara kayan nan daidai hannun yara, ba abin da za a ƙirƙiro a mako guda ba ne. Da haƙurinsa ya ƙare, ya tsaya bakin hanya ya hau motar kaya sai Gusau.

A ofishin da aka yi masa kwatance ya same su, kuma da farko bai gane su ba. An jera su a kan wani faffaɗan katako, an rataye a bango. An wanke su, an shafe su da fenti ja da kore. Ƙwaryar nan mai gida huɗu an liƙe ta da gam ta koma guda, ko alamar yanka babu. Karan nan mai karkacewa an kafe shi da ƙusa a kowace kusurwa. 'Ya'yan tsamiya an manna su layi-layi kamar haƙoran gawa. Labbo ya juya ga mutanen ofis.

"Wa yal liƙe su?"

Babban jami'in wurin, Alhaji Jatau, ya taso da fara'a. "Mu munka sa anka liƙe, Malam, don kar su watse. Ka san hannun yara da ɓanna."

"Ranka shi daɗe, ai don su watse niy yi su!"

Alhaji ya yi dariya, a zatonsa barkwanci ne. Ya dafa kafaɗarsa ya yi masa albishir: manya sun yaba, suna son irin wannan allo a kowace sabuwar makaranta, saboda haka an ɗauke shi daga aji an dawo da shi Gusau ya riƙa haɗawa. Labbo ya yi magiya, ya yi faɗa, a banza. Wanda ya ƙi canjin wurin aiki, aikin ya ƙi, ga kuma iyali. Ya kwaso matarsa Lantana da yara suka tare.

Haka mutumin nan ya ƙarasa shekarun saba'in a wani ɗaki bayan ofis, yana yanka ƙwarya da safe, yana liƙe ta da rana. Warin gam ya kama rigunansa har Lantana ta ware musu igiyar shanya. Wani lokaci yakan rage gam da gangan, ko Allah zai sa wani abu ya ɓalle ya faɗa hannun yaro. Sai a dawo masa da allon a ce ya gyara.

Sau ɗaya aka tafi da shi rangadi wata makaranta a ƙasar Tsafe. Tun daga waje ya jiyo yara suna rerawa. Ya shiga ya tarar da allonsa can sama kusa da rufi, malamin aji yana nuna shi da tsinin bulala, su kuma suna maimaita duk abin da ya faɗa. Da malamin ya ji ga wanda ya haɗa allon nan ya zo, ya rugo ya kama hannunsa da hannu biyu, yana ta murna.

"Malam, duba ka gani, sabo hul awa jiya anka kawo shi. Wallahi ko yaro guda ban bari yat taɓa shi ba."