Wadda Ta Ce "Ni Ne"

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke yammacin nan da aka amsa mini magana daga bayan labule, a ɗakin da babu kowa.

Ni tela ne a unguwar Moshi Zango, karatuna bai yi nisa ba. Amma da yake ni ke ɗinka wa ɗaliban wata kwaleji a nan Tamale kaya, sai 'ya'yan Zango da ke karatu a can suka naɗa ni uban ƙungiyarsu. Ƙungiyar 'yan'uwantaka ce, da ɓangaren maza da na mata, ɗaki ɗaya, labule a tsakani. Ni na ɗinka labulen da hannuna. In sabon ɗalibi ya zo bai san kowa ba, su ke nema masa wurin kwana. In ya kwanta ciwo, su ne a kansa. Al'adarmu kuwa, kafin a buɗe taro, uba zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wa ke gida?" Sai a amsa ɗaya bayan ɗaya, namiji ya ce "Ni ne," mace ta ce "Ni ce."

To ni jikan fataken Kano ne, a lokacin ina ji da wannan kamar wata sarauta. Akwai wata yarinya, iyayenta 'yan ƙabilar Moshi ne, ita ke share ɗakin, ita ke dafo wake da shinkafa ranar taro. Ita dai in aka zo kanta sai ta ce, "Ni ne." Haka ake magana a gidansu, haka rabin Zango ke magana. Ni kuwa sai in ce, "Wane ƙato ne ya ɓuya a cikin mata?" Ɗaki ya fashe da dariya. Kullum haka, har wata rana aka zo kanta muka ji shiru, ashe ta daina zuwa. Bayan tafiyarta 'ya'yan Dagomba suka janye, na Gwanja suka bi su, don ba wanda ke son buɗe baki a gabana. Daga baya na ji yarinyar ta yi aure a unguwar Lamashegu, sannan na ji ta rasu. Na ce Allah ya jiƙanta, na ci gaba da taka kekena.

Bayan shekaru masu yawa, wani saurayi ya tsai da babur a ƙofar shagona, ya ce shi ne ciyaman na yanzu. "Baba, hukumar makaranta ta ce in ba a ga mutane a ɗakin nan ba kafin hutu, za a karɓe shi a mai da shi sito." Na ce, "Ku nawa kuka rage?" Ya sosa ƙeya. "Daga ni sai makulli, Baba."

Muka sa taro ranar Juma'a bayan la'asar, ya bi ajujuwa ya sanar. Damina ce, hadari ya haɗu ta gabas har garin ya yi duhu, aka kuma ɗauke wuta. Ɗakin sai warin jemage da rimar tabarma, ƙura ta kwanta a kan bencuna. Muka jira, muka jira, ko mutum ɗaya. Ciyaman ya ce mu tafi kafin ruwa ya sauko. Na ce ba a barin taro ba a buɗe shi ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Wa ke gida?"

"Ni ne," in ji ciyaman, yana 'yar dariya.

Sai daga bayan labule, a hankali, muryar mace ta ce, "Ni ne."

Na san muryar. Har yadda take jan ƙarshen kalmar, kamar mai jiran a yi mata dariya. Tagogi a rufe suke, amma gefen labulen ya motsa kamar wani ya gyara zama. Ciyaman ya damƙe hannuna, yatsunsa kamar ƙanƙara. "Baba, kai ma ka ji?" Na gyaɗa masa kai. Ya yi bismillah ya yaye labulen. Babu kowa. Tabarmi a naɗe, tsohuwar tsintsiya a jingine. Amma ɓangaren matan a share yake tas, har sawun tsintsiya yana nan a ƙasa. Ya rantse mini makulli ɗaya ne, kuma tun shigowar zangon karatu bai buɗe ɗakin ba sai yau.

Nan ruwa ya kece. Na fito baranda, sai na tarar da ɗalibai sun fake, maza da mata, suna ta hira da Hausarmu ta Zango. Na ce, "'Ya'yana, ga ɗaki a buɗe, me ya hana ku shiga?" Suka dubi juna. Wata mai ƙarfin hali ta ce, "Baba, ba nan ne ake yi wa mutum dariyar Hausa ba? Mamana ya gaya mini."

Mamana ya. Wallahi harshena har ya motsa zai gyara mata, don hali ba ya tsufa. Na cije shi. Na ce, "Nan ne, 'yata. Mai dariyar ma ga shi a gabanki. Ku shigo, ya daina."

Ita ta fara shiga, sauran suka biyo ta suna yarfe ruwa. Na sake tambayar wa ke gida. Wata ta ce ni ce, wata ta ce ni ne, wani ya amsa da Dagombanci, ba wanda ya yi ko murmushi. Na kasa kunne ko zan sake jin waccan muryar. Ban ji ba, kuma har yau ban ƙara ji ba.

Ɗakin bai zama sito ba, yanzu har a baranda ake zama. Malamai biyu na tambaya a kan abin da na ji, kowa ya ce Allah ne masani, na bar shi a haka. Abin da na sani shi ne, ba rashin ɗalibai ne ya kashe ƙungiyarmu ba, dariyata ce. In ka tambayi wa ke gida aka amsa maka, ka yi maraba da mutum, ka bar harafin ya wuce. Ni sai da wadda ba ta duniya ta amsa mini sannan na koya.