Saura Yatsa Biyu

Ni masassaƙi ne, ɗan masassaƙi. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar gatari, sirdin raƙumi in Buzaye sun kawo aiki, da su na ci na sha a Dakoro tun gemu bai fito mini ba. Boko kuwa sai da furfura ta cika kaina na koye shi a ajin tsofaffi, yara na leƙen mu ta taga suna dariya. Wanda ya ga rubutuna a karkace ya yi haƙuri, hannun gizago ne. Abu guda nake so in rubuta kafin ido ya ida mutuwa, shi ne zancen dokin itace da ɗiyata ta fari.

Zamanin Nasara, kowace shekara in damina ta kama, akwai bikin ƙasarsu da muke ce wa katos. A share filin gaban bariki, a kafa tuta, a yi tseren raƙuma da na jakai, samari su yi ta hawan sandar da aka shafe da sabulu suna zamowa ana yi musu shewa. Duk wasan manya ne da na yara masu wayo. Ƙanana kuwa suna goye a baya, ko suna riƙe da bakin zanen uwayensu suna kallon ƙafafun mutane.

Wata shekara aka kawo kumandan mai mata. Matar ta ce ba ta yarda ba, sai an yi wa ƙanana nasu wasan. Tafinta ya zo har rumfata ya ce ana kira na a bariki. Gabana ya faɗi, don a lokacin kiran bariki ba kiran cin tuwo ba ne. Da na je sai na iske madam da takarda, ta zana wani abu: gungume a tsaye a tsakiya, sanduna sun fita ta kowane gefe, kowace da ɗan doki a bakinta, ƙarti biyu su tura abin ya riƙa juyawa. Maƙeri zai samo ƙarfen ƙafar wata matacciyar mota ya zama gindi. Ni kuma in sassaƙa dawaki shida.

Na ce to. Wa ya isa ya ce a'a? Amma gaskiya aikin ya shiga raina. Na samo itacen dashi, mai sauƙin nauyi, na zauna wata guda cur ina sassaƙa.

A lokacin ɗiyata ta ga damina uku, ta huɗu ce ke shirin kamawa. Kun san halinmu da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukar sa gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ka kau da kai ka jira wani ya tashe shi. Kunya ce, haka muka taras. Tun da aka yaye ta tana ɗakin Inna, mahaifiyata, cikin gida guda muke amma in zan yi zancenta sai in ce "yarinyar nan". Ita ma ba ta ce mini baba. Ta ji Inna na cewa "miƙa wa mai gizago ruwa", sai ta yanke, ta mayar da ni Gizago. Duk garin nan ba wanda ya isa ya kira ni haka ban tashi masa ba, sai ita.

Kullum da hantsi takan zo bakin rumfa ta tsuguna, ta tara ɓawon sassaƙa a cikin ƴar ƙwarya tana kallo. Cikin shidan akwai wani ƙarami da na ƙanƙantar da gangan, na yi masa kunnuwa tsaye da ɗan tudu a wuya inda ƙaramin hannu zai kama. Ban gaya wa kowa ba, amma da girmanta na auna shi, da ido kawai. Ita ma ta gane. Ta ce, "Gizago, wanga nawa na?" Rumfa cike da masu zaman hira. Na ce, "Ke, tashi daga nan kar sartse ya shige miki ƙafa." Ta ce za ta hau. Na ce ba a hawa sai an shafa masa launi, sai ranar biki, ran da zai yi gudu.

Ana saura kwana uku madam ta zo duba aiki, ita da tafinta. Ta ce wasanni kashi uku ne: manya su yi tsere, masu shekara huɗu zuwa bakwai su hau doki, waɗanda ba su kai ba a shimfiɗa musu tabarma a inuwa a ba su alewa, kar juyawar ta sa su jiri su faɗo. Magana mai hankali, ban ga laifinta ba har yau. Sai tafinta ya yi dariya ya ce mata nan ba a san shekara huɗu ba, in ka tambayi uwa sai ta ce an haife shi shekarar da rijiyar kaza ta rushe. Aka tsaya a kan a sami sanda a yi mata tsaga, yaron da kansa ya kai tsagar ya hau. Madam ta ce ni na san dawakina, ni zan san inda ya dace.

To ga inda na yi wautar da ta fi ƙarfina. Ɗiyata na tsaye nan bakin rumfa da ƴar ƙwaryarta. Da na jawo ta na tsayar jikin sanda, da magana ta ƙare. Amma in jawo ɗiyar fari gaban Nasara da tafinta da masu hira? Sai na ƙwala wa ɗan wana kira, wanda ya girme ta da wata bakwai, na tsayar da shi, na sa wuƙa na yi tsaga daidai kansa. A raina na ce ai kusan kansu ɗaya.

Ranar biki garin ya cika maƙil. Fulani sun shigo da yaransu, Buzaye sun durƙusar da raƙuma bayan fili, mutanen Ɗan Gulbi da na Birnin Lalle sun zo a kan jakai. Dawakina sun sha launi, ja da shuɗi, ƙaramin nan fari. Aka tsayar da ni bakin igiya da sanda a hannu, ni ne mai gwaji. Da abin ya fara juyawa yara suka ɗauki ihu, tsofaffi na ta salati, wata tsohuwa ta rantse aikin aljanu ne. Wallahi kaina ya kumbura ranar nan.

Kuma kar in yi muku ƙarya, ban tsananta ba. Ɗan mahauci ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, na yi kamar ban gani ba. Wani ɗan Fulani tukkun gashinsa ne kawai ya taɓa tsagar, na ce wuce. Wata uwa ta tara wa ɗanta rairayi ƙarƙashin ƙafa, na yi dariya na ɗaga igiya. Yaran mutane ne, in na yi musu sauƙi sai a ce ina da kirki.

Can sai ga Inna ta kutso da ɗiyata a hannu. An yi mata kitso, an sa mata kwalli, ta ɗaura ɗan sabon zane da ke ta kwance mata. Idonta na kan farin dokin. Ta zo da kanta ta manna baya jikin sanda, ta miƙe iya miƙewarta, ta riƙe numfashi.

Abokaina na gefe. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Yauwa, ga ɗiyar mai sanda nan! Yau za mu ga gwajin gaskiya." Aka fashe da dariya. Wasa ne, irin wanda muke yi wa juna kullum. Ni kuwa na ji kunnuwana sun yi zafi. Tudun kitsonta ya kusa taɓa tsagar, da na bar shi haka ba wanda zai ce uffan. Sai na sa tafin hannu na danne kitson. Wannan ne karo na farko da na taɓa kanta gaban mutane, kuma don in rage mata tsawo na taɓa. Na jera yatsu tsakanin kanta da tsagar. Biyu.

Na ce, "Ba ta kai ba. Sai baɗi."

Inna ta ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Yatsa biyu fa!"

Tafinta ma ya matso ya ce a hankali, "Haba malam, bar ta mana, madam ba ta kallo."

Na ce, "Doka doka ce." Ni da na wuce da mai tukku! Tir da wannan baki nawa.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ta ɗago kai ta ce, "Gizago, baɗi gobe na?" Aka sake dariya. Inna ta fizge hannunta ta ce, "Zo mu tahi, ƙawata, rabu da shi." Aka kai ta tabarma aka ba ta alewa. Daga inda nake ina hango ta, alewar na narkewa a hannunta, kanta na bin farin dokin duk inda ya zagaya.

Na yi shiri a raina. In la'asar ta yi, mutane sun ragu, abokaina sun tafi kallon tseren raƙuma, zan yi wa Inna ishara ta kawo ta, in tura da kaina ko zagaye uku ne. Kafin la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta kwashe rumfar kumandan, ruwa ya tsuge, kowa ya ruga yana murna don gobe shuka. Ƙartin bariki suka kwance dawakan cikin ruwa suka zuba su a sito aka sa makulli. Na koma gida jiƙe sharkaf, ba abin da ke hannuna sai sandar, na jingine ta a zaure.

Daga ranar sandar ta zama tata. In zan fita masallaci sai in iske ta manne da ita tana jira na, ta ce, "Baɗi ya yi?" In ba kowa a zauren nakan tsaya in duba in ce, "Saura kaɗan, ci tuwo da yawa." In da mutane sai in wuce. Inna ta ce har ƙarin fura take nema wai don ta kai tsaga. Sau nawa na yi niyyar sassaƙa mata wani doki a gida? Na ce bari a gama noma. Aka gama, na ce bari a gama girbi. Bayan girbi aikin turame ya taso na masu aure. Kuma can ƙasan raina ina jin za a ce wane ya zauna yana yi wa ɗiyar fari abin wasa. Ban yi ba. Ba wani dalili, ban yi ba kawai.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari. Ta bi gida gida, unguwarmu kaɗai ta ɗauki yaran da ba na son ƙirgawa. Ɗiyata ta kwana shida. Rana ta biyar na ture kunya na shiga ɗakin Inna na ɗora ta a cinyata, jikinta kamar garwashi, idanun sun manne ba ta iya buɗewa. Na ce mata in ta warke zan je bariki in roƙi makulli. Ban sani ba ko ta ji. Washegari da hantsi ta cika.

Masu haƙa suka aiko a kai musu gwaji. Al'adarmu ce, a auna mamaci da kara a kai wa masu haƙa don su san tsawon kabari. Wana ne ya tashi. Ina zaune a zaure mutane na ta shigowa gaisuwa, ya waiga bai ga kara kusa ba, ya ɗauki sandar da ke jingine ya shiga da ita. Bai ma tuna ko ta mece ce ba.

Ya fito yana riƙe da ita, babban yatsansa a danne inda tsawonta ya tsaya. Ya bi ta gabana. Ban so dubawa ba, idona ne ya duba. Yatsansa na sama da tsagar. Ta kai, har ta wuce da kaɗan.

An ce uban ɗan fari ba ya kuka a ga hawayensa. Na yi, har sai da aka riƙe ni. Wanda ya yi mini ba'a ran biki shi ya riƙe kafaɗata yana cewa in yi haƙuri, shi ma yana share ido. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, ba shi ya danne kitson ba. Da aka rufe ta aka kwantar da sandar a kan kabarin, kamar yadda ake yi da karan gwaji.

Damina ta sake kamawa, tafinta ya zo rumfata. Ya ce an fito da dawakai, gara ta taɓa ƙafar guda, in zo in gyara, kuma in taho da sandar bara. Na ce masa sandar tana wurin mai ita. Ya dube ni, ya juya ya tafi.

Na je na gyara. Ranar biki na tsaya bakin igiya hannu wofi. Duk wanda aka kawo mini ƙarami, wanda ƙafarsa ba ta kai ko'ina ba, sai in ɗora shi a kan farin dokin, in sa hannu a bayansa, in bi shi da gudu muna zagayawa har numfashina ya ƙare. Ashe abin da ake buƙata ke nan, babba guda ya riƙe yaro. Madam ta gani ba ta hana ba.

Na haifi tara bayanta, na kira kowanne da sunansa har sun gaji da ji. Nata kuwa ban taɓa furta shi ba tana da rai. Jiya na ce zan rubuta shi a nan ko sau ɗaya, na ɗora alƙalami a kan takarda, hannun ya ƙi.