Mutumin da ke hura komai

Abokan aikinsa Mai Iska suke ce masa. Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma jan wayar tarho, yanzu da furfura yana haɗa intanet a ofisoshi. Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba: duk abin da zai jona, sai ya hura masa iskar baki, ya goge da gefen riga.

"Ko ni aka kawo maka sabuwa, sai da ka hura," matarsa kan ce.

'Yarsa ta fari, mai aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ita ta kai sunansa da aka tashi sabunta musu layin intanet. "Babana ne, ba ya aikin banza," ta ce wa shugabarta.

Ya shiga ɗan ɗakin na'urori mai sanyi, ya tsaya gaban suwic, akwatin da wayoyin ginin ke haɗuwa. Ya zaro sababbin turansiba, 'yan ƙarafa kamar yatsa masu mayar da saƙo haske ya bi zaren gilashi. Ya cire murfin kowanne, fuu, ya goge bakin zaren, ya soka.

Fitilar suwic mai nuna layi ya haɗu ta ƙi zama koriya. Sakamakon gwaji ya daina isa wurin likitoci, marasa lafiya suka cika benci.

Ya sake saita gudun layin, ya kashe, ya kunna. Shiru.

"Kayan nan jabu ne!" ya faɗa da ƙarfi, har 'yarsa ta maimaita wa shugabarta.

Masu kayan suka turo injiniyarsu. Ta ɗora madubin dubawa a bakin zaren, hoton ya fito a allo: danshi ya yi dabbare-dabbare, ga wani silin zaren tufa shuɗi kwance a tsakiya.

"Baba, wa ya taɓa nan?" injiniyar ta tambaya.

Idanu dai suka sauka kan shuɗiyar rigarsa. 'Yarsa ta sunkuyar da kai.

"Ni ne," ya ce. "Yarinyar nan maganata ta ɗauka, kada a ga laifinta."

Ya karɓi abin gogewar injiniyar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa a matse. Fitilu suka koma koraye.

Da yamma a gida ya kasa haɗa ido da kowa. 'Yar ta miƙo masa shayi mai zafi. Ya kai kofin baki, ya tara iska, sai ya tsaya cak.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan kam hura abinka."