Itacen da Ruwa Ya Gama da Shi

A shekarata ta biyu ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Keita, damina ta yi mana rowa, tabkin bayan gari ya soma ƙafewa tun ba a gama girbi ba. A lakol ɗinmu, wato makarantar boko, akwai wani akwatin gilashi da wani malami ya bari, ɓeraye sun mai da shi gidansu. Na wanke shi, na zuba yashin tabki, na dasa bado da 'yar ciyawar ruwa, na je na tsamo 'yan gargaza goma sha biyu daga cikin taɓo. Na yi wa 'yan ajina alkawari, da babbar murya kuwa, cewa kifayen nan za su ga wata damina, mu mayar da su inda muka ɗauko su. Tun ina yaro bakina ya fi hankalina sauri.

Ba a yi mako ba babbansu ya tasa ƙananan gaba, ga shi ba su da wurin ɓuya. Na tuna hoton da ke cikin littafinmu, akwati da ciyawa da reshen itace a tsakiya. Sai na ɗauki adda na saro reshen bedi, wato dogon yaro, ɗanye shar, na tura cikin ruwan. Ya taso. Na ɗaura masa dutse. Kwana biyu ruwan ya rine, kifi biyar suka juyo ciki sama, yara suka zuba mini ido. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Tsohuwar da nake zaune a gidanta, wadda nake kira Inna, ita ta ga na kasa cin tuwo. Kullum tana bin ƙorama neman itacen girki, ba ta taɓa taka lakol ba sai washegarin ranar. Ta leƙa akwatin, ta riƙe haɓa, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a can.

"Mushe, duk bokon ga naka, bedi ka ba kihi? Ko akuya sai ta rasa taka cin shi."

Na ce ai itace itace ne.

"Icce ɗanye da ɗacinai yake," in ji ta. "Kihi sai wanda ruwa sunka gama da shi."

Abin da take nufi shi ne saiwar da ambaliya ta tumɓuke, ta gurje ta a duwatsu, rana ta gasa ta, wata ambaliyar ta sake ɗauka, har ba ɓawo ba ɗaci. Da la'asar ta jawo irinta daga ƙarƙashin rumbu, saiwar kirya, baƙa, mai nauyi, duk ramuka. Ta sa na jiƙa ta a kwatarniya ina zubar da ruwan har ya daina rinewa. Da na saka ta, ta nutse ba gardama, ƙananan kifin suka shige ramukan. Bado ma ya samu abin jingina.

A watannin nan ne tuwon gidan ya soma warin hayaƙi. Ni kuwa, mai baki, har na yi mita. Sai wata maƙwabciya ta gaya mini cewa saiwar nan Inna ta ajiye ta ne don lokacin da itace zai yi wuya, kuma ga shi ya yi. Da kashin shanu take girki yanzu, idonta na zubar da ruwa. Na je zan ciro mata abinta, ta ce in na taɓa shi kada in ƙara kiranta Inna.

Kifi bakwai suka ga damina. Da tabki ya cika muka kai su a bokiti, yara na ihu, kowa na cewa Mushe ya cika alkawari. Ban gyara musu ba a ranar, kuma har yau abin yana damuna.

Na saɓo saiwar na kai mata tana ɗigar ruwa. Na ajiye ta a gabanta. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa.

"Aje ta ga rana, ɗana."

Bayan kwana goma ta faskara ta, ta tuƙa mana tuwo. Na cinye nawa tas, ba warin komai.