Dunƙulen tagullar da mahaifina ya zuba

Shekarun baya, ina shekara ta biyu a jami'a a nan Agadas, malaminmu na fizik ya fito da wata dabara da ta hana mu sakat. Ya ce ya gaji da masu hadda. Kowane mutum biyu za su ɗauki wani babban gwaji da ya sauya ilimi, su tsaya gaban amfi, babban ɗakin lacca, su yi ekspoze, wato bayani a gaban ɗalibai: wa ya yi shi, da me ya yi, me ya gani. Wanda kuma ya iya maimaita gwajin a gaban idonmu, not ɗinsa, wato makinsa, daban ne.

Ni da abokina, wani ɗan garin Cirozerin da ba ya rabo da dariya, muka faɗa kan gwajin Bafaranshen nan da ya rataya dunƙulen ƙarfe da doguwar waya, ya bar shi yana lilo, har mutane suka ga ƙasa na juyawa. A takarda abin ba wuya. Dunƙulen yana kai da kawowa a layi ɗaya, ƙasa tana juyawa a ƙarƙashinsa, sai layin da tsininsa ke ja a rairayi ya riƙa karkacewa a hankali. Amma a Agadas karkatar kaɗan ce, a sa'a guda ba ta wuce faɗin yatsa biyu. In dunƙulen ya fi nauyi ta gefe ɗaya, ko hannu ya yi rawa wajen saki, an yi aikin banza.

Mun fara da gwangwanin madara cike da siminti, wai mu ga manyan masana. Maimakon layi, siffar ƙwai ya yi ta zana mana. Abokina ya gama dariyarsa ya ce, "Ba ka ce gidanku a tsohon gari yake ba? Ai can maƙera suke. Ba ka san ko ɗaya ba?"

Na san ɗaya. Mahaifina maƙeri ne, haka mahaifinsa. Amma a jami'a na gaya wa kowa ɗan kasuwa ne. Wanda ya tashi a garin nan ya san dalili: mutane za su sa zoben da maƙeri ya ƙera a yatsan ɗiyarsu, amma ba kowa zai ba ɗan maƙerin ɗiyar ba. Tun ina kolej, ƙaramar sakandare, wani ya kira ni ɗan zuga-zugi aji ya ɗauki dariya, na riƙe abin a rai. Na shiga jami'a da niyyar kada ƙaurin gawayi ya biyo ni.

Ba yadda zan yi, na kai abokina gida, na roƙe shi ya riƙe bakinsa.

Mahaifina ya saurare mu yana ta gogar wani ɗan kunne. Da muka gama ya ce, "To, ku ƙasar ce ba ku yarda tana juyawa ba, ko malamin naku?" Muka ce kowa ya yarda, nunawa ake so. Ya ce, "Wannan magana ce. Abin da ba a nuna ba, ji ne kawai."

Ya tara tsofaffin kawunan famfo na tagulla, ya yi siffar dunƙulen da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu. Tukunyar narkarwarsa ta ƴan kunne ce, don haka ya je wajen masu zuba tukwane suka ara masa murhu. Na farko ya fito da kyau a idona. Shi kuwa ya ɗora shi a kan faranti ya gangara shi sau da yawa, ya ga kullum gefe ɗaya ke komawa ƙasa. Ya ce akwai iska a ciki, ya mayar da shi wuta. Sai a zubi na uku ya yarda. Mako biyu ya ajiye aikin mutane saboda mu.

Na zaɓi ranar Lahadi don ratayawa a amfi, na ce masa ranar ce ba karatu. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Ya zo, ya sa abokina ya hau tsani, ya nuna masa yadda za a kama wayar a ƙarfen rufi. Da na ja dunƙulen na saki, ya girgiza kai.

"Hannunka na tura shi. Ɗaure shi da zare a ƙafar tebur, ka bari ya natsu, sannan ka ƙona zaren."

Abokina ya buɗe littafi ya nuna mini: haka shi ma Bafaranshen ya yi. Mahaifina bai taɓa zama a aji ba. Na ji alfahari a ranar, wallahi na ji, tunda ba kowa a wurin.

Ranar ekspoze muka ƙona zaren tun kafin a shigo, muka jera ashana a gefen layin farko. Na haddace sunan Bafaranshen da shekara da gari. Ina cikin bayani, na ɗaga kai, sai ga mahaifina a tsaye can baya kusa da ƙofa, da rigarsa ta Juma'a da rawani. Abokina ne ya gayyace shi bai gaya mini ba. Na ci gaba da bayani.

Da lokaci ya yi, aka taso aka kewaye rairayin. Layin ya bar ashana, ya karkata daidai inda lissafi ya ce. Aka yi tafi. Malaminmu ya tsayar da dunƙulen, ya juya shi a hannu ya ce wannan ba kayan labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, ba ne, bai taɓa ganin zubi mai kyau haka a garin nan ba. Ya tambaye ni da Faransanci, "Wa ya yi muku shi?"

Abokina ya kalle ni, ya kalli ƙofa. Na ga kallon. Ba zan ce na ruɗe ba, don sai da na yi lissafi: Faransanci ake yi, tsohon ba zai gane ba. Na ce, "Un forgeron du quartier." Wani maƙeri ne a unguwarmu.

Abin da na mance, ko na ga dama na mance, shi ne mutumin nan ya yi shekaru yana sayar wa Turawa ƴan yawon buɗe ido kayan azurfa. Da Faransanci yake ciniki tun ban iya tafiya ba. Kafin a gama tambayoyi na sake duba ƙofa, ba ya nan.

Mu muka fi kowa not. A waje abokina ya ce, "Kai dai ba ka da kirki," ya hau kabu-kabu ya bar ni. Mun gama karatu tare, amma bai ƙara yi mini irin dariyarsa ba.

Na isa gida da la'asar na tarar da mahaifina yana zuga wuta. Na tsaya ina jiran faɗa, har ina fata ya yi. Bai ɗago ba ya ce, "Ta juya?" Na ce ta juya, Baba. Ya ce, "Madalla." Shi ke nan. Bai gaya wa mahaifiyata ba, bai sauya mini fuska ba. Ni ma na ga an yi shiru, sai na lafe a cikin shirun, na ce lokaci zai gyara.

Yau ni malamin fizik ne a lise, babbar sakandare, kowa kuma ya san ɗan wa nake, don na koyi faɗa tun ba a tambaye ni ba. Bayan na fara koyarwa, na shirya zan yi wa ɗalibaina gwajin. Na je na zauna kusa da shi na ce, "Baba, ina so ka zuba mini wani, ka zo da kanka ka ƙona zaren. Zan gaya musu kai wane ne."

Yana zuba shayi, ya miƙo mini kofi, ya ce cikin sanyin murya, "Maƙera sun yi yawa a unguwa. Nemi wani."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a ranar, kafin ma ya iso gida, kuma na yarda da shi, don ba ya ƙarya. Amma bai zo ba. A nan na gane yafiya daban, a mayar maka da abin da ka zubar daban.

Har yau ina jin haushin kaina, ba kaɗan ba. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ma ya yi niyyar dariya a amfin nan. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, babana, ga shi kuma a tsaye ya sa rigarsa mai kyau yana jira. Yana nan da ransa, muna shan shayi tare kowace Juma'a, muna hirar komai. Bai taɓa tambayata abin da nake koyarwa ba.